Kafin Ka Tafi da Gajeriya

Hayin Dogo, Samaru,
Zariya.

Ɗana Ayuba,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙonsa ya kiyaye ka a hanya, ya kai ka Fatakwal lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki a wurin aikin da za ka fara.

Za ka yi mamakin wasiƙa daga wadda ɗakinta ke kallon naka. Sau biyu a makon nan na zaunar da kai don in yi maka magana, duka biyun sai na ƙare da tambayarka ko ka duba iskar taya. Bakina ya ƙi, shi ya sa na ɗauki biro.

Motata Gajeriya ta zama taka. Takardunta suna cikin ambulan ɗin da ke ƙarƙashin wannan wasiƙa, makulli na biyu kuma yana cikin gwangwanin maɓallai a kan kabad ɗina. Na san ka ɗauka aro na ba ka. Ba aro ba ne. Gwiwata ta hagu ta gama da kuloci. Ranar Talata cunkoso ya riƙe ni a Kwangila, ina taka shi ina saki har hawaye suka zubo mini, wani mai Keke Napep yana ta yi mini hon yana cewa, "Mama, ki ba yara su tuƙa ki mana." Na ji haushinsa, amma gaskiya ya faɗa.

Shekara ashirin da uku ina tare da motar nan. Ka san yadda ake tayar da ita da sanyin safiya, ka san giya ta biyu tana son a yi mata a hankali. Abin da ba ka sani ba shi ne kurakuran da na yi a kanta, kuma ba na so ka ɗauke ta ba tare da su ba.

Kana shekara uku na fara ganinta, a harabar gidan wani malamin jami'a da zai yi ritaya ya koma garinsu. Ina koyar da zanen fasaha a sakandare lokacin, na je kai wa matarsa saƙo. Ga ta a ƙarƙashin dalbejiya, shuɗiya, ƙofa biyu, doguwar bonet, bayanta a gajarce kamar an datse. Kakanka direban tarakta ne a gonar gwaji, a cinyarsa na fara riƙe sitiyari, kuma tun ina yarinya ban taɓa son abu kamar yadda na so motar nan a wannan rana ba. Mutumin ya ga yadda nake zagaya ta, ya miƙo mini makulli. Na fita da ita titin Sakkwato, na kai giya ta uku, na san ba zan iya mayar masa ba.

Wata biyu ina kai da kawo, na tattara abin da nake da shi, na saye ta. Ban gaya wa babanka ba. Na ce a raina, mutumin da ke aiki a ofishin coci, yana zuwa a kan keke, ba zai gane ba, zai ce mu nemi mai ƙofa huɗu da za ta ɗauki iyali da buhun masara. Sai kawai ya dawo da yamma ya tarar da ita a ƙofar gida, kai da yayarka Rahila kuna ta hawa kuna sauka.

Ya jingine kekensa, ya zagaya ta sau ɗaya, ya ce, "Malama, ina sauran ƙofofin?"

Na yi dariya, shi ma ya yi. Na ɗauka an wuce wurin. Sai bayan kwana uku, muna cin tuwo, ya ajiye lomar da ya ɗebo ya ce, "Da kin gaya mini, da na raka ki mun ɗauko ta tare." Iyakar abin da ya ce ke nan, bai kuma sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Daga baya na ji wasu dattawan coci sun same shi a kan maganar matarsa da ke yawo da motar samari, ya ce musu shi ya ba ni izini. Ya yi ƙarya saboda ni, mutumin da ko a wasa ba ya yi.

Ayuba, ni na yanke masa hukunci kafin in tambaye shi. Ranar da za ka so wani abu har ya hana ka cin abinci, ka gaya wa wadda kake zaune da ita tun abin yana cikin ranka, kafin ya iso ƙofar gida. Mai yiwuwa ta ƙi. Mai yiwuwa kuma ta so ta raka ka ne kawai.

Daga nan na shiga gyare-gyare. Na sauya sitiyari na sa ƙarami, na sa faffaɗan rim, na sauya salansa. Duk Asabar ina Sabon Gari a garejin Emeka, da tsohon zane a ƙugu, hannuna baƙi ƙirin. Ka san Emeka da furfura, amma a lokacin saurayi ne da bai daɗe da samun 'yancin kansa daga maigidansa ba. Shi kaɗai ne makaniken da bai taɓa ce mini in koma gefe in zauna ba. Yana kwance a ƙarƙashin mota zai ce, "Madam, miƙo goma sha uku," in miƙa masa sifanar ba tare da na duba ba. Ina kewar waɗannan ranakun Asabar ɗin. Warin fetur da na gasasshiyar ayaba daga bakin titi, masu sayar da kayan gyara suna zolayata da Turancin kasuwa, ni kuwa ba ni da wata damuwa sai ta kafireto.

Sai na ga hoton irinta a wata tsohuwar mujalla, an sassauke ta har ta kusa taɓa ƙasa. Na ce wa Emeka ya yanke mini sifirin. Ka san Hausar Emeka, mace da namiji duk "ka" ne a wurinsa. Ya ce, "Madam, wannan hanya na hoto ba hanya na Zariya ba ne. Idan ka sauke shi, dutse zai ci cikinsa." Na ce motata ce ko tasa? Bai yanke ba, ya nemo wasu gajeru ya sa, ya cire na asalin. Da na ja baya na kalle ta, wallahi ta yi kyau. Ranar ne babanka ya raɗa mata Gajeriya, sunan ya bi ta.

A watan Kirsimeti muka kama hanyar ƙauye. Bayan Kachiya, inda kwalta ta ƙare, na ji wani ƙara a ƙarƙashi, kwaram. Jim kaɗan jar fitilar baƙin mai ta kama. Na gan ta. Babanka ma ya gan ta, ya ce, "Ba za mu tsaya ba?" Na ce wayar ce ke wasa. Na san ba waya ba ce. Saura 'yar tafiya mu isa, dangin babanka suna jiran su ga motar da ake ta labari, ni kuwa ba na so a ce an turo ni. Na ci gaba da takawa har injin ya fara buga ƙarfe, ya mutu a tsakiyar gonar citta. Dutse ya fasa kaskon mai da ke ƙarƙashin inji, man ya tsiyaye tas. Da na tsaya inda fitilar ta kama, walda kawai za a yi. A bayan a-kori-kura aka dawo da ita Zariya.

Abin da na yi bayan haka ya fi fasa injin muni. Na je garejin Emeka, mutane cike, na ɗaga murya na ce bai ɗaure kusar mai da kyau ba, shi ya kashe mini mota. Na san ƙarya nake yi. Shi ma ya san na sani. Ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "To, Madam." Na ga mutum biyu da suka kawo masa aiki sun kalli juna. Na kai motar wani gareji a Jushi aka sa mata injin Beljiyam, wato na hannu daga waje, na kuma bar ta a sassauke yadda take, don in nuna ba laifin saukewar ba ne. Shekara tara ban bi ta layin Emeka ba. In zan shiga kasuwar Sabon Gari sai in yi zagaye.

Idan jar fitila ta kama, ka tsaya a inda kake, ko a gaban wa. Kuma in ka yi ɓarna da hannunka, kada ka ɗora wa mai neman abinci da sunansa. Ni inji na rasa. Shi ban san abin da bakina ya jawo masa ba a wannan shekarar.

Akwai wani kuskuren da ka sani, domin kana ciki, amma ka san shi ne da idon yaro. Kana shekara bakwai. Wata Asabar da rana mun wuce Shika, wani saurayi a farar mota ya matso bayanmu yana kunna mana fitila. Ya wuce, ya rage gudu, ya sake wucewa. Kana tsaye a kujerar baya, ka riƙe kafaɗata kana cewa, "Mama, ki wuce shi! Mama, ki wuce shi!" Na sauke giya na fita in wuce shi. Ban ga tirelar da ke tahowa gabana ba sai da ta cika gilashi. Na karya sitiyari zuwa gefen titi, inda mata ke sayar da tumatir. Na taka kwando biyu, motar ta tsaya taku ɗaya daga tabarmar wata tsohuwa.

Matan suka taso da ihu. Tsohuwar ba ta tashi ba. Ta leƙo ta gan ka a baya ka faɗa tsakanin kujeru kana dariya, ta ce, "Yarinya, wannan yaron naki ne?"

Na ce, "Nawa ne, Iya."

Ta ce, "To."

Har yau ban manta wannan "to" ɗin ba. Na sallami masu tumatir, na koma mota. A hanyar dawowa na saya maka tsire a Samaru na ce kada ka gaya wa Baba. Ka riƙe mini amana, ba ka faɗa ba. Ka yafe mini wannan, ɗana. Na kusa kashe ka, sannan na koya maka ɓoye wa ubanka magana. Da ka girma kana ɓoye mini abubuwa, ina faɗa, ina sane da inda ka fara koyo.

Ba zan ce maka kada ka yi gudu ba, domin ka san ni, ba za ka yarda ba. Motar nan an yi ta ne don a ji daɗinta. Amma ka yi gudunka a titin da ka sani, da rana, kai kaɗai, idonka yana ganin nesa. Duk wanda ya kunna maka fitila yana neman tsere, ka kauce masa ya wuce. Ba ka san shi ba, ba zai zo gaishe ni ba.

Na ƙarshen shi ne mai nauyin, na daɗe ina kewaya shi.

Kana makarantar kwana lokacin da babanka ya sami shanyewar ɓarin jiki, don haka ba ka ga farkon abin ba. Da aka sallame shi, likita ya ce a riƙa kai shi gashin ƙashi sau biyu a mako. Ranar farko na kawo Gajeriya har bakin ƙofa. Ya tsaya da sandarsa yana kallon kujerar can ƙasa. Muka gwada, ni da Rahila, ƙafarsa ta dama ta ƙi lanƙwasuwa, ya zame ya zauna a ƙasa cikin ƙura. Ya yi murmushi da rabin bakinsa ya ce, "A kira keke."

Aka kira keke. Haka aka yi ta yi, wata huɗu. Mijina yana zuwa asibiti a Keke Napep, ana jijjiga shi a ramukan Samaru, ga mota a gida. Na san maganin abin. A mayar mata da dogayen sifirin, a ɗaga kujera, shi ke nan. Amma irin nata ba a samunsu a kasuwa, na asalin kuma suna wurin Emeka, in ma bai zubar ba. Kullum sai in ce mako mai zuwa. Ina gaya wa kaina hidimar jinya ce ta hana ni. Kunya ce, da kuma wani abu da ya fi kunya muni: ina son ganinta a sassauke.

Wata rana aka yi ruwa suna hanya, ya dawo rigarsa sharkaf, yana rawar sanyi. Na goge masa kai da tawul. Washegari na tuƙa zuwa Sabon Gari.

Emeka ya ji ƙararta tun daga kwana, na tarar da shi tsaye a bakin gareji. Na fito, na ce a gaban duk wanda ke wurin, "Emeka, ƙarya na yi maka. Dutse ne ya fasa, ba kai ba. Ka yi haƙuri." Ya dube ni ya ce, "Madam, ka tsufa." Sai ya shiga ciki, ya hau benci, ya sauko da sifirin huɗu daga jikin bango, ɗaure da waya, sun yi tsatsa. A jikin bangon an rubuta "Madam Tica" da alli, rubutun ya kusa gogewa. Ya ce, "Na san za ka zo." Na zauna a kan tsohuwar taya na yi kuka kamar yarinya. Kafin la'asar ya gama. Ya kuma yi wa kujerar gaba ƙafa ta ƙarfe, ya ɗaga ta, ya ƙi karɓar ko sisi.

Ranar Lahadi bayan sujada babanka ya shiga da kansa, hannu ɗaya a kan ƙofa. Na ce ina za mu? Ya ce, "Inda kike zuwa." Muka kama hanyar Giwa. Damina ta yi nisa, masara ta fi mutum tsayi hagu da dama, titin a wanke, babu kowa. Ina tafiya a hankali kamar na ɗauko ƙwai. Can sai ya ce wani abu ban ji ba, domin harshensa ya yi nauyi. Na ce me ka ce? Ya maimaita: "Malama, iyakarta ke nan?"

Na kalle shi. Ya ɗaga gira. Na sauke giya na taka. Ayuba, babanka ya yi ihu kamar ɗan makaranta. Ya sauke gilashi da hannunsa mai lafiya, iska ta ɗauke masa hula, ya ce kada in tsaya. Da muka juyo ya gaya mini cewa duk shekarun nan yana so ya ce in koya masa tuƙa ta, amma ya ga kamar abina ne ni kaɗai, bai so ya shiga. Shekara goma sha huɗu yana zaune a gefena yana so, ni kuma ina ɗauka haƙuri kawai yake yi da ni.

Sau biyar muka yi wannan fitar. Kafin a karya masara ya rasu.

Ina lissafa Lahadin da ke cikin wata huɗun nan, ina kuma tuna duk shekarun da ban ce masa "zo ka riƙe sitiyari" ba. Ba ni da wata dabara da zan ba ka a nan. Kawai in akwai mutum a gefenka, ka tambaye shi me yake so. Kuma in wani gyara da ka yi wa motar ya hana wanda kake ƙauna shiga, ka warware shi a ranar.

Na san kana da naka shirin a kanta. Na ga hotunan da kake nuna wa abokanka a waya, na ji kana maganar fenti baƙi da sabon salansa. Ka yi. Taka ce, ni ma ban bar ta yadda na same ta ba. Abu ɗaya nake roƙo: duk abin da ka cire, ka adana, kada ka yanke. Ka fara da birki da taya kafin ka taɓa abin da ke ƙara gudu. An ce a Fatakwal ruwa ba ya ɗaukewa, ka riƙa ɗaga kafet kana duba ƙasan, tsatsa daga ɓangaren direba take fara mata. Kada ka shiga ruwan da ba ka ga wata mota ta ratsa ba. Ka kwana a hanya, kada ka ce sai ka kai a yini ɗaya, tsohuwa ce, lagireto ɗinta yana son hutu. In ka isa ka nemi makanike ɗaya mai gaya maka abin da ba ka so ji, ka riƙe shi. Ka nemi coci tun makon farko, kada ka bari sai ka zauna da gindinka. Ka riƙa kiran Rahila, ta fi ni fushi in an yi shiru.

Gobe ka je Sabon Gari ka yi wa Emeka sallama. Ka kai masa motar ya gan ta, ka bar shi ya buɗe bonet ya yi ta faɗa. Idonsa ya fara rauni, amma kunnensa bai taɓa kuskure ba.

Ranar Asabar, in ka gama loda kaya, ka shigo kicin mu yi addu'a a can. Ba zan fito bakin ƙofa ba. Kada ka ɗauka fushi ne. Na taɓa tunanin zan iya tsayawa in ga bayanka, na kuma taɓa tunanin zan iya tsayawa in ga bayanta, amma ku biyu a lokaci ɗaya ya fi ƙarfina. Ka bar ta ta yi ɗumi minti biyar kamar kullum, zan ji daga ciki. Sannan ka tafi, kada ka yi hon.

Ubangiji ya riƙe hannunka a kan sitiyari, ya buɗe idonka a kowace kwana, ya kawar da mugun direba daga gabanka da bayanka. Ya ba ka lafiya da abinci mai albarka a baƙon gari, ya dawo mini da kai ina da rai. Amin.

Ni ce mahaifiyarka,
Saratu.